Ƙiba Ba Garkuwa Ba Ce Ranar Naƙuda

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidajenmu, tun daga Kano har Damagaram, har ta kai ana karɓarta tamkar nassi, wai mace mai jiki, wadda ta murje ta yi ɓulɓul a ɗakin mijinta, ba ta da abin tsoro ranar haihuwa, domin tana da jini kuma tana da ƙarfin yunƙuri, saboda haka ɗakinta ya ishe ta, ramammiya ce ake kai wa asibiti. Ni dai ina ganin wannan magana ɓata ce bayyananniya, kuma ɓata ce mai cin rayuka.

Asalin wannan zato ba ɓoyayye ba ne. Al'ummar da ta sha fari da yunwa dole ta ɗauki ƙiba alamar wadata da kyakkyawan riƙo, har ma 'yan mata da amare suka shiga haɗiyar ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe, wadda ke kumbura jiki tana tayar da suga da hawan jini. Amma likitoci suna da mizani wanda ba ruwansa da yabon dangi: a ɗauki nauyin mace da kilo, a raba shi da tsawonta da mita, a sake raba abin da ya fito da tsawon nan. Idan lissafin ya kai 30, ƙibar ta zama abin lura. Matar da tsawonta mita 1.6 ne, nauyinta kuwa kilo 90, lissafinta ya haura 35, alhali ita ce ake nunawa a gidan biki ana cewa ga wadda ta dace da miji.

To, me wannan nauyi yake jawowa idan ciki ya tsufa? Irin wannan mace ta fi saurin kamuwa da ciwon suga na masu ciki, wanda ke sa jariri ya yi girman da ya wuce kima, har ya haura kilo 4, ta yadda kai zai iya fitowa kafaɗa ta maƙale, kuma a wannan hali 'yan mintoci ne tsakanin rai da ajali, ko tsakanin lafiyayyen hannu da shanyayye. Ta fi kusa da hawan jini, wanda kan iya kaiwa ga jijjiga, cutar da ake danganta wa iskoki a yi ta turare da tofi, alhali maganinta allura ce da ke asibiti. Naƙudarta takan yi tsawo, kuma bayan an sauka mahaifa takan yi sanyin tsukewa, jini ya ɓalle, irin ɓallewar da kan iya kashe mace cikin sa'a biyu. Ƙari a kan haka, kitsen ciki yakan hana hannun ungozoma, kome daɗewarta a sana'a, gane kwanciyar ɗa, ko da kai ya zo ko a gicciye yake. Idan kuma aka kawo ta asibiti a galabaice, neman jijiyar da za a sa mata ruwa ko jini yakan zama wani jihadi dabam. Ban raina ungozoma ba, domin a hannunta akasarinmu muka faɗo duniya, sai dai ba ta da jinin ƙari a ɗakinta, ba ta da wuƙar tiyata.

Yanzu kuma ga wata sabuwar hujja daga bakin waɗansu 'yan boko, wai ai Turawa ma sun koma haihuwar gida. Wannan rabin labari ne. A Ingila, inda mata kimanin biyu cikin ɗari ne kaɗai ke haihuwa a gida, ana yin ta ne da ƙwararrun ungozomomin gwamnati a gefe, da kayan aiki, da motar asibiti da ke jiran kira. Kuma duk da haka babban binciken da aka fitar a can a 2011 ya nuna cewa kashi 45 cikin ɗari na masu haihuwar fari da suka yi niyyar sauka a gida, sai da aka kwashe su zuwa asibiti, alhali su masu ƙoshin lafiya ne. Jagorar da hukumar lafiyarsu ta fitar a 2014 ta shawarci wadda lissafin jikinta ya wuce 35 da ta haihu inda likitoci suke. Ina ƙiyasi tsakanin wannan da ƙauyen da mota ba ta shiga idan damina ta sauka? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin ɗari ce ake yi a asibiti a Nijeriya a wancan lokaci, a Arewa maso Yamma kuwa wajen 16 kacal, kuma mata 512 ke rasuwa a kowace haihuwa dubu ɗari. Wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina, ya ga matan da doguwar naƙuda ta bar wa yoyon fitsari, ya san farashin jiran da ake kira dauriya.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake lulluɓe sakaci da rigar addini. A ce zuwa asibiti raunin tawakkali ne, idan kuma matar ta cika a ce ai ta yi shahada. Muna yi mata fatan wannan daraja, amma darajarta ba ta wanke wanda ya hana ta mota ba. Malaman usulu, irin su Imamu Shaɗibi na mazhabarmu ta Malikiyya, sun ƙidaya kiyaye rai cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, kuma riƙo da sababi bai taɓa warware imani da ƙaddara ba. Kunyar da ke sa yarinya mai cikin fari ta ciji zane ta kwana tana murƙususu don kada surukai su ji muryarta, al'ada ce, kuma al'ada ba ta rinjayar wajibi.

Na sani asibitocinmu suna da laifinsu: tsawar ma'aikata, da tsadar kaya, da ƙarancin likitoci mata. Waɗannan koke-koke ne na gaskiya, a kai su gaban hukuma da babbar murya, amma kada a biya bashinsu da ran matar wani.

Saboda haka, ya kai maigida, da ke uwar miji, idan Allah ya ba ku mai jiki kuma ta sami rabo, ku kai ta awo tun watannin farko, a auna nauyinta da jininta da suganta, ku tambayi asibitin da ke iya tiyata dare da rana, ku ajiye kuɗin mota, ku san ɗan'uwan da zai ba da jini, kuma da naƙuda ta motsa ku kama hanya tun tana iya takawa da ƙafarta.