Cutar da Take Shigowa ta Ƙofar Halal

A ranar 24 ga Oktoba, 2023, Gwamnatin Tarayya ta shigar da allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV cikin jerin alluran da ake yi wa yara kyauta, kuma Jigawa tana cikin rukunin jihohin da aka fara da su. Allura ɗaya ce tak, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, don kare su daga sankarar bakin mahaifa. Wanda duk yake zama majalisar hira a Auyo ko Haɗejiya ya ji uzuri biyu daga bakin iyayen da suka noƙe.

Na farko shi ne tsoron a kashe wa yara ƙwayayen haihuwa. Ba na raina wannan tsoro, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba. Amma wannan allura tun 2006 ake amfani da ita. Ostireliya ta fara yi wa 'yan matanta a 2007, yau ga da yawansu nan da goyo.

Uzuri na biyu shi ne wanda nake jayayya da shi, don ya fi kama da hankali, ya kuma fi ɓarna. Uba zai gyara zama ya ce: "Cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa, me ya haɗa ta da 'yata? Tarbiyya na ba ta, kuma daga gidana sai ɗakin mijinta." To, Malam, ɗakin mijin nan shi ne inda maganar take.

HPV dangi ce mai iri sama da 200, kuma biyu daga ciki, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa. Ba ta buƙatar jini ko maniyyi kafin ta ƙetara. Haɗuwar fatar al'aura da fatar al'aura ta wadatar, shi ya sa kwaroron roba yake rage ta amma ba ya tare ta ɗungurungum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan duk mai yin saduwa zai gamu da ita a wani lokaci na rayuwarsa. Galibi garkuwar jiki kan kawar da ita cikin shekara ɗaya zuwa biyu ba tare da mutum ya sani ba. A jikin wasu matan kuwa sai ta yi zaune, tana sauya ƙwayoyin halittar bakin mahaifa a hankali, har bayan shekara 15 zuwa 20 ta zama sankara. Namiji yakan ɗauke ta ya raba, shi kuwa ko zazzaɓi bai yi ba.

Yanzu mu sa wannan a cikin gida irin namu, gidan da babu wanda ya taɓa kusantar alfasha. Magidanci yana da uwargida, ya sami albarkar shinkafa bana, ya auro bazawara. Ita bazawarar mijinta na farko mai mata uku ne, ɗaya daga cikinsu kuma ta yi aure biyu kafin ta zo hannunsa. Kowane ɗayan auren nan an biya sadaki, an yi shaidu, an raba goro. Duk da haka ƙwayar da ta taso daga can farkon layin tana iya biyo shi har ta iso ɗakin amarya, girki ya zagayo ta shiga ɗakin uwargida, in an ƙaro budurwa baɗi ita ma ta sami rabonta. Mutanen Auyo sun fi kowa fahimtar wannan: ruwan da yake cinye mana gonaki sau da yawa ba a sararin samaniyarmu ya zuba ba, daga wajen Tiga da Challawa ya gangaro. Ban ma kawo zancen mai tafiya ci-rani da ya kasa kame kansa ba, ko da yake akwai shi, kuma matarsa ba ta ci nanin ba nanin ce take cin ta.

Wani zai ce ai akwai idda. Shari'a ta sanya idda don a tabbatar babu ciki, a tsare nasaba, a bar ƙofar kome a buɗe, kuma tana yin aikinta. Amma tsarki uku, ko wata huɗu da kwana goma na takaba, bai kai wa'adin ƙwayar da kan shekara biyu a jiki ba. Wani kuma zai ce ai yanzu ana gwaji kafin ɗaurin aure, har Kano ta mayar da shi doka a 2024. Wannan gwajin na ƙanjamau ne da ciwon hanta da sikila. HPV ba ta cikinsa, babu ma wani gwajin yau da kullum da ake yi wa maza a gano ta. Ango zai miƙa wa waliyyi takarda fes, alhali yana ɗauke da ita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muke kauce wa sunan abin. Mace ta yi ƙorafin fitar ruwa mai wari, a ce sanyi ne ta ɗauko a masai. Ta ga jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke mata da shekaru, a ce sammun kishiya ne ko shafar aljanu. Ta aika a tambayi malam hukuncin sallarta da jinin ciwo, a ba ta fatawa daidai, amma a rasa mai ƙara mata da cewa ta je a duba ta. Masai da kishiya da aljani duk sun sha zargi. Maigida kaɗai ne ba a ambata. A 2020 an ƙiyasta mata 12,000 ne suka kamu da wannan sankara a Nijeriya, 8,000 suka rasu. Wadda ta makara, daga Babban Asibitin Haɗejiya sai a tura ta Kano, in ana buƙatar gashi wataƙila har Shika a Zariya, bayan an sayar da akuya da ɗan abin da ambaliya ta rage.

Ba ina kiran a daina ƙarin aure ko a guji zawarawa ba ne. Wanda ya fahimce ni haka ya sake ɗora wa mace laifin da nake ƙoƙarin sauke mata. Cewa nake yi tsarin aurenmu yana haɗa jikkuna da yawa ta hanyar halal, don haka mu muka fi cancantar mu yi layin wannan allura. An zaɓi shekara 9 zuwa 14 ne saboda allurar tana hana kamuwa, ba ta korar wadda ta riga ta shiga, kuma a ƙauyukanmu yarinya 'yar 15 tana iya kasancewa an riga an sa mata rana. Matan da suka wuce wannan shekaru kuwa akwai dubin bakin mahaifa da ruwan khal, wanda ma'aikaciyar jinya da aka horar za ta iya yi cikin 'yan mintoci. Amma a nan mace ba ta fita sai da izini, yarinya ba ta miƙa damtse sai uba ya yarda. Limaman da suke tambayar takardar gwaji ranar ɗaurin aure za su iya tambayar uban amarya ko an yi mata wannan allura, su kuma tambayi ango yaushe rabon da a duba uwargidansa.