Gida bisa taya: wani a yi masa maraba, wani a kore shi

Duk watan Yuli da Agusta, bakin tabkin Annecy na ƙasar Faransa cika yake da motocin nan masu gado da murhu da makewayi a ciki, waɗanda Faransawa ke kira kampin-kar. Mai motar ya biya kuɗin fili, a ja masa lantarki da ruwa, ya kwana yana jin iskar tabki. Jaridu su yaba masa da son ƴanci.

To, a ƙasar nan dai akwai ƴan ƙasa da suka gaji zama bisa taya tun kaka da kakanni, waɗanda hukuma ke kira "mutanen tafiya". Dokar 1969 ta tilasta musu ɗaukar kundin yawo, wasunsu ma sai sun kai shi an buga hatimi wurin jandarma duk wata uku. Sai a 2017 aka soke dokar baki ɗaya! Dokar Besson ta 2000 ta umarci duk garin da ya haura mutum 5,000 ya ware musu masauki. Ina aka ware? Binciken da William Acker ya wallafa a 2021 ya nuna da yawa suna gefen juji, ko masana'anta, ko babbar hanya.

Masu kare tsarin na cewa ai ɗan yawon buɗe ido biya yake. Hujjar banza ce: su ma biyan kuɗin fili da ruwa da lantarki suke, a inda wari ke hana barci. Malamin da ke koya wa yara taken ƴanci da daidaito na Faransa, ya kamata ya nuna musu taswirar masaukan nan biyu.