Ɗan Kokawa da Jihar da ta Zaɓe Shi

Gasar takobin kokawa ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975 kuma Kantu na Maraɗi ya lashe ta, tana tara 'yan kokawa 80, goma daga kowace jiha, bayan tankaɗe da rairaya da ke farawa tun daga gundumomi irin su Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi. Wannan tsari yana ɗauka cewa matashin da aka zaɓa mallakin jiharsa ne, shi ya sa ake kallon wanda ya koma yi wa wata jiha kokawa a matsayin butulu, alhali shi ne yake barin gonar gero ba ma'aikaci, shi ne kuma yake jinyar gurɗewar gwiwa da kuɗin aljihunsa bayan makaɗa sun ajiye ganguna. Ko a Amurka da Kanada, inda ƙungiyoyin hoki, wato wasan sanda a kan ƙanƙara, suke zaɓen matasa bi da bi, ikon ƙungiya a kan ɗalibi yana da wa'adi: ƙungiyar Nashville ta zaɓi Jimmy Vesey a 2012, ya kammala Jami'ar Harvard, ya ƙi sa mata hannu, ya tafi New York Rangers a 2016. Kishin gida abu ne mai daraja, amma bai kamata a mayar da shi takunkumi ba. Ya wajaba hukumomin Maraɗi su ba 'yan kokawarsu yarjejeniya a rubuce, mai fayyace alawus, magani da wa'adi, kafin su nemi biyayyarsu.