Wat 5,000 a Kwali, 45 a Baya

Ranar da Goggo ta aiko in raka ta kasuwa, na san ba ɗan dako take nema ba. Autarta za ta aurar, an gama da gado da katifa da kwanuka, saura abin da yanzu ya zama kamar farilla a ɗakin amarya a nan Malanbil, wato kayan sautin nan masu lasifika biyar da ƙaton akwati guda, waɗanda 'yan kasuwa ke kira hom-tiyata. A lissafinta, tunda kullum tana jin muryata a rediyo, dole na san kan lasifika.

Mai shagon ya sauko mana da wani kwali mai hoton walƙiya, an rubuta 5000W da jan rubutu, girman kowane harafi ya kai tafin hannu. Ya ce, "Hajiya, wannan idan aka kunna shi a nan, sai an ji a Gaya." Na roƙe shi ya fito da shi daga kwalin. Na juya bayan akwatin, na nemo 'yar takardar nan da ake mannawa kusa da wayar wuta. An rubuta 45W, da rubutun da sai ka kanne ido.

Na ce, "Malam, ta yaya abin da ke shan wat 45 zai fitar da 5,000?"

Ya ce shi dai haka ya gani a kwali. Kuma na yarda da shi, shi ma ƙaryar ya tarar. Faɗana da kwalin ne, da kuma mu da muka ɗauki rubutun kwali kamar hatimin alƙali.

Jama'a, lissafin nan ba ya bukatar digiri. Na'ura ba ta ƙirƙirar wuta, abin da ta sha daga bango shi take juyawa ya zama sauti, kuma wani kaso yana salwanta ya zama zafi. Dutsen guga na lantarki yana shan wajen wat 1,000. Ke nan da gaskiya kwalin nan ya faɗa, kunna shi daidai yake da kunna dutsen guga biyar a lokaci guda. A wutarmu mai bolt 220, wat 5,000 ya kusa amfa 23, alhali soket ɗin gida iyakarsa amfa 16. Kafin amarya ta ji waƙar farko, wayar ɗakin ta fara wari.

Sirrin yana cikin wasu haruffa huɗu da ake maƙalawa a gefen lambar, PMPO. Ma'auni ne da ba shi da wata ƙa'ida da aka amince da ita, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga zai sayar masa da kaya. Ma'aunin da za a iya riƙe mutum da shi shi ne wanda ake rubutawa da RMS, ƙarfin da na'ura za ta iya riƙewa tana aiki ba tsayawa. Yaudarar tsohuwa ce. Tun a 1974 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta kafa doka ta tilasta wa masu sayar da kayan sauti bayyana ƙarfi mai ɗorewa, saboda irin wannan zuƙi-ta-malle ta yi yawa a can. Abin da aka hana a wata kasuwa shekara 50 da suka wuce, shi ake sauke mana a kwantena a tashar jirgin ruwan Kwatano, ya yi tafiyar fiye da kilomita 700 zuwa bakin kogin Kwara, mu kuma mu karɓa da hannu biyu.

Abin haushin ma, ko da wat ɗin gaskiya ne, ba ma bukatarsa. Lasifikar gida mai kyau, idan ka ba ta wat 1 kacal, ka tsaya mita guda daga gare ta, za ta ba ka ƙarar da ta kai desibel 85 zuwa 90. Wannan ita ce ƙarar da masana lafiyar kunne ke gargaɗin kada a daɗe a cikinta. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Ɗakin amarya taku nawa ne? Amfili mai wat 50 na gaskiya a kowane layi ya ishe shi har da rara, ya ishi maƙwabtan da ba a tambayi ra'ayinsu ba.

Yanzu mu zo kan lasifika biyar ɗin, don nan ne aka fi cin kuɗinmu. Tsarin da ake kira 5.1 don sinima aka ƙirƙire shi. Dolby Digital ya shiga gidajen sinima a 1992, DTS ya biyo baya a 1993. Kowace lasifika da aikinta: biyu a gaba, dama da hagu, ɗaya a tsakiya wadda ke ɗauke da maganar 'yan wasa, biyu a gefe ko bayan mai kallo don iska da ruwan sama da motar da ta wuce, sai ƙaton akwatin da ke ba da rugugi. Amma sai in tun a sutudiyo an haɗa sautin fim ɗin a layi shida, kuma ya iso gidanka a haka, sannan kowace za ta samu abin faɗa.

To me muke saurara? Ni ma'aikacin rediyo ne, na san abin da muke aikawa. FM iyakarta layi biyu. Gajeren zango, inda iyayenmu suka saba kama BBC da Muryar Jamus, layi ɗaya ne. Bluetooth da yaranmu ke haɗa waya da shi layi biyu yake ɗauka, ko da lasifika goma ka jera. Fim ɗin da aka tura maka a waya, ko aka zuba maka a memori a bakin tasha, an matse shi har ya kusa zama layi ɗaya da rabi. Finafinan Kano da fassarar Indiya-Hausa da suka ratsa hannuna, ban ci karo da wanda ya wuce layi biyu ba, kuma wannan ba aibi ba ne, domin ƙarfinsu a zance yake. Wa'azi, labarai, ƙwallo, Daɗin Kowa: duk murya ce. Mutumin da abincin kunnensa murya ce ya tafi ya sayi na'urar da ta ƙware a rugugi, ga lasifikar tsakiyarta kamar gwangwanin madara. Shi ya sa za ka shiga gida ka tarar gilashin taga yana rawa, amma kowa na tambayar na kusa da shi, "Me ya ce?"

Sannan ku gaya mini tsakani da Allah, a gida nawa kuka taɓa ganin an kai lasifikokin baya baya? Duk a kan kabet ake jera su, biyar reras, kamar jeren kwalla. An biya kuɗin sauti mai kewaye mutum, an tara shi a bango guda.

Na san abin da za a ce mini, don Goggo ta faɗa mini shi tun a cikin shagon. Ta ce, "Kai ɗan nan, 'yan ganin ɗaki ba bayan akwati suke dubawa ba." Gaskiyarta. Uwa ba ta son a raina ɗakin 'yarta, kuma ban isa in ce wannan ba damuwa ba ce. Amma a duba lokacin da muke ciki. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya, kowa ya ga yadda manyan motoci suka yi layi, kaya da mutane suka koma kwale-kwale, ciniki ya ja baya a kasuwar da a duk Benin Dantokpa ce kaɗai ake sa wa a gabanta. A irin wannan hali, jika 85 da aka nema a hannun Goggo, wato sefa 85,000, guminta ne na watanni. Wanda kuma ya tsallako daga Gaya ko ya zo daga Kamba ya saya, in abin ya mutu bayan sati uku, wa zai sake biyan kuɗin jirgi ya dawo da shi? Ya dawo ma, wa zai karɓa?

Akwai wasu masu ba da shawarar da su ma nake da ja da su, wato 'yan uwanmu da suka kalli bidiyon Turawa a YouTube suka dawo suna cewa in ba Dolby Atmos da 8K ba, kada ka saya. Atmos, wanda ya fito a 2012, yana son lasifika a sama da kai, da fim ɗin da aka haɗa dominsa, da intanet mai ɗaukar nauyinsa. Mai wannan shawara yana magana ne daga ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa. Biyan kuɗin abin da ba za ka taɓa kunnawa ba, shi ma wani kwalin ne, sai dai ya fi na farko iya Turanci.

Abin da nake gaya wa duk wanda ya tare ni bayan shiri shi ne, in waya da rediyo ne abin sauraronka, amfili mai layi biyu da lasifika biyu masu kyau sun gama maka komai. In kuwa kana da dikoda ko faifan da ke kawo 5.1 na gaske, nemi risiba, akwatin nan da ke karɓar sauti daga telebijin da dikoda ya rarraba wa lasifikoki, ga rediyo a cikinsa. Na hannu ya wadatar. Yamaha, Denon, Sony, Pioneer, Onkyo, duk suna shigowa cikin kayan gwanjo, kuma wanda ya shekara goma a falon wani a Turai sau da yawa ya fi sabon kwali nisan kwana.

Sai dai ba a cinikin biri a sama. Fara da bayansa. In ka ga 220 zuwa 240V, namu ne. In ka ga 120V, na Amurka ne, 100V kuma na Japan, kuma duk wanda ka soka a bangonmu ba tare da taransifoma ba, hayaƙi ne zai ba ka amsa. Masu gyaran rediyo sun gaji da ganin irin wannan gawa. Ɗaga shi ka ji: risiba irin ta da tana kai kilo 7 zuwa 10 saboda taransifomar da ke cikinta, in ka ji ta kamar kwalin biskit, ka tambayi dalili. Nemi ramin HDMI da aka rubuta wa ARC, wanda ya zo a 2009, shi ke dawo da sautin telebijin cikin risiba da waya guda. In babu, kada ka fasa, ramin wayar haske ma yana ɗaukar Dolby Digital da DTS, kuma irin waɗannan tsofaffin sun fi araha don kowa yana gudunsu. Rimot kuwa kada ka yarda a ce za a kawo maka gobe. Saituna da yawa ba sa taɓuwa sai da shi.

Kada ka biya sai an kunna. A sa ƙarar gwaji ta zaga lasifika ɗaya bayan ɗaya, ka ji kowane layi da kunnenka, sannan a bar shi yana aiki rabin sa'a. Mai ciwo a ciki yakan kashe kansa da zarar ya ɗumama. Ka tafi da muryar da ka sani, karatun wani malami ko labaran da ka saba ji, don mai shago kiɗa mai duka zai sa maka, kuma duka yana rufe aibi. Ka duba bayan lasifika kuma: yawancin risiba suna son mai om 6 zuwa 8, ƙananan nan da ake cirowa daga tsofaffin hom-tiyata kuwa sukan zama om 3 ko 4, suna sa ta zafi har ta ɗauke.

Zafi shi ne babban abokin gabanmu. Garin da a watan Maris da Afrilu ake haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, bai kamata a cusa risiba cikin kabet a rufe ba, balle a lulluɓe ta da leshin ado a ɗora fulawar roba a kan ramukan da take numfashi. A bar mata sarari kamar faɗin hannu a sama. A ware kuɗin sitabilaiza tun cikin lissafin farko, domin dawowar wuta ta fi ɗaukewarta kashe kaya. In kuɗi bai kai ba, a sayi risiba da lasifika biyu na gaba, in an samu sarari a ƙara ta tsakiya, sai akwatin rugugi, na baya su zo a ƙarshe in ɗakin yana da bayan da za a sa su.

Duk wannan na zayyana wa Goggo, a taƙaice, muna tsaye mai shago yana harararmu. Ta saurare ni har na gama, ta sa mini albarka, ta ce Allah ya ƙara ilimi. Sannan ta kwance bakin zaninta ta biya kuɗin mai walƙiyar, bayan an rage mata jika 5.

Bayan biki da wata biyu na je gaishe da amarya. Lasifikokin nan biyar suna jere a kan kabet, an yafa musu farin leshi, fitilar gaban akwatin tana sauya launi daga shuɗi zuwa ja. Ta kawo mini ruwa, ta ce, "Yaya, jiya na ji shirinka." Na tambaye ta ko a cikin kayan nan ta ji. Ta yi dariya, ta nuna mini wata 'yar rediyo mai batir a gefen gado, ta ce a can maganar ta fi fita.