Barack Obama a Majalisar Jihar Illinois: Fa'idodi da Illolin Siyasar Sasantawa

Majalisar dattawan jihar Illinois a Amurka tana da kujeru 59. Ɗaya daga cikinsu, ta mazaɓa ta 13 da ke kudancin birnin Chicago, Barack Obama ne ya riƙe ta daga Janairun 1997 zuwa Nuwamban 2004. Saɓanin jihohin Najeriya masu majalisa ɗaya, Illinois tana da biyu, ta wakilai da ta dattawa, kuma dukkansu suna zama ne a garin Springfield. Shekara shida na farko Obama ya yi su ne a ɓangaren marasa rinjaye, domin jam'iyyar Republican ce ke riƙe da majalisar. Sai a 2003 jam'iyyarsa ta Democrat ta karɓi ragama.

Abubuwan da ya sa a gaba ba su da yawa: tsabtace kuɗin siyasa, gyaran yadda 'yan sanda ke binciken manyan laifuka, lafiyar marasa ƙarfi, da sauƙaƙa haraji ga masu ƙaramin albashi. Hanyar da ya bi kuwa guda ce kusan a ko'ina. Yakan zauna da masu adawa da ƙudirinsa, ya rage abin da yake nema har sai sun yarda, sannan ya jingina da manya a cikin majalisa. Wannan hanya ita ce ta kawo masa nasarorin da ake ambato, ita ce kuma tushen mafi yawan sukar da ake yi masa. Adalci shi ne a auna ɓangarorin biyu da mudu ɗaya.

Fa'idodi

Aikin da ya fi kowanne nauyi shi ne dokar 2003 da ta wajabta naɗar tambayoyin da 'yan sanda ke yi wa wanda ake zargi da kisan kai. Ba za a gane muhimmancinta ba sai an san halin da jihar ke ciki. Daga 1977 zuwa farkon 2000 Illinois ta zartar da hukuncin kisa a kan mutum 12, amma ta saki mutum 13 daga cikin masu jiran kisa bayan an gano an yi kuskure a shari'arsu. Wannan ne ya sa Gwamna George Ryan, ɗan Republican, ya dakatar da zartar da hukuncin a Janairun 2000. Ga kuma zargin da ya daɗe a kan wani kwamandan 'yan sandan Chicago, Jon Burge, wanda aka kora a 1993, cewa shi da mutanensa sun riƙa azabtar da baƙaƙen fata har su amsa laifi. Da Obama ya kawo ƙudirin, 'yan sanda da masu gabatar da ƙara ba su so ba, sabon gwamna Rod Blagojevich ma bai nuna goyon baya da farko ba. Wasu sun nemi a naɗi lokacin amsa laifin kawai. Obama ya ƙi, domin dukan da tsoratarwar kafin wannan lokaci suke faruwa. Ya sassauta a wasu wurare, ya nuna wa 'yan sanda cewa faifan zai kare su ma daga ƙazafi, har ƙudirin ya wuce a majalisar dattawa ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba. Illinois ta zama jiha ta farko da majalisarta ta kafa irin wannan doka, ko da yake kotunan Alaska da Minnesota sun riga sun umarci haka a jihohinsu. Da wuya a ce ɗan majalisa mai kaifin baki, wanda ya ɗauki 'yan sanda abokan gaba, zai iya cimma wannan.

Dokar ɗa'a ta 1998 ita ma 'yar wannan salo ce, kuma ta zo ne lokacin da jam'iyyarsa ba ta da rinjaye. Tsohon sanatan tarayya Paul Simon ne ya haɗa 'yan majalisa daga jam'iyyun biyu, aka tura Obama ya wakilci 'yan Democrat na majalisar dattawa, ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Kirk Dillard na Republican. Dokar ta hana karɓar mafi yawan kyaututtuka daga masu kamun ƙafa, ta taƙaita kashe kuɗin yaƙin neman zaɓe a kan buƙatun kai, ta kuma tilasta bayyana masu ba da gudummawa ta intanet. A jihar da ta yi ƙaurin suna wajen cin hanci, wannan ba ƙaramin mataki ba ne, ko da bai kawar da cutar ba.

A fannin rayuwar talaka, yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin rangwamen harajin jiha ga ma'aikata masu ƙaramin albashi a shekarar 2000. Bayan ya zama shugaban kwamitin lafiya da jin daɗin jama'a a 2003, ya jagoranci faɗaɗa shirin KidCare, wanda ya ba ƙarin yara kimanin 20,000 damar samun inshorar lafiya. Iyalin da suka samu damar kai ɗansu asibiti ta wannan hanya ba ruwansu da ko dokar ta kai yadda masu fafutuka suka so.

Haka kuma dokar 2003 da ta sa 'yan sanda su riƙa rubuta launin fatar kowane direba da suka tsayar a hanya. Ba ta hukunta kowa, ƙididdiga kawai take tarawa. Amma ta mayar da koken da baƙaƙen fata suka daɗe suna yi, wanda hukuma ke musantawa, ya zama abin da za a iya dubawa a rubuce kowace shekara.

Akwai wata fa'ida da ba a rubuta ta cikin doka. Obama ya shigo majalisa a matsayin malamin dokar tsarin mulki a Jami'ar Chicago, kuma wasu abokan aikinsa, har da baƙaƙen fata 'yan'uwansa, sun ɗauke shi mai ji da kai. Zama da 'yan majalisar karkara da 'yan Republican, a ofis da wajen ofis, ya koya masa yadda ake ƙirga ƙuri'a kafin a kai ƙudiri zaure. Mazaɓa tana amfana da wakilin da abokan hamayya ke ɗaga wayarsa.

Illoli

Illa ta farko ita ce abin da sasantawa ke cinyewa. Dokar naɗar tambayoyi ta tsaya ne a kan kisan kai kawai, ba ta fara aiki ba sai 2005, kuma sai a 2013 aka faɗaɗa ta zuwa wasu manyan laifuka. Dokar ɗa'a ta bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin 'yan majalisa su ci kuɗin da suka riga suka tara kafin ta fara aiki. Rangwamen haraji ya fara ne da kashi 5 cikin 100 na abin da gwamnatin tarayya ke bayarwa. Mafi bayyana shi ne ƙudirin lafiya na 2004, wanda aka faro da nufin ɗora wa jihar nauyin samar da kulawar lafiya ga kowa, amma bayan matsin kamfanonin inshora ya ƙare a kafa kwamitin nazari. Masu kare shi za su ce da hanau gara mannau. Masu suka kuma za su ce ƙaramin gyara yakan kwantar da hankalin jama'a, ya jinkirta babban gyaran da ake buƙata. Kowace magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma wadda ta fi ƙarfi ta danganta da dokar da ake magana a kai.

Na biyu shi ne dogaro da ubangida. Mafi yawan dokokin da ke ɗauke da sunan Obama sun wuce ne a 2003 da 2004, bayan Emil Jones ya zama shugaban majalisar dattawa. Jones bai ɓoye cewa yana son ya ga Obama ya zama sanatan tarayya ba, don haka ya riƙa miƙa masa ƙudirori masu farin jini. Wasunsu kuwa akwai waɗanda suka shafe shekaru suna wahala a kansu. Sanata Rickey Hendon, wanda ya daɗe yana bibiyar batun tsayar da direbobi saboda launin fata, ya fito fili ya koka. Ba za a ce Obama bai yi aiki ba, domin shi ya zauna teburin tattaunawa har aka kammala. Sai dai yabon da ya tattaru a kansa na mutane da yawa ne, kuma wakilin da ba shi da irin wannan gata zai iya yin ƙoƙari daidai da nasa ba tare da an san shi ba.

Na uku shi ne yawan kauce wa matsaya. A majalisar Illinois akwai maɓalli na uku ban da na amincewa da na ƙi, wanda ke nuna cewa ɗan majalisa yana zaure kawai. Obama ya danna shi sau 129. A yi masa adalci: wannan kaɗan ne cikin ƙuri'u kusan 4,000 da ya kaɗa, wasu kuma dabara ce da aka tsara tare da jam'iyya ko ƙungiyoyi, wasu kuma saboda yana ganin ƙudirin ya saɓa wa tsarin mulki. Duk da haka, wasu sun faɗo ne a kan batutuwa masu zafi kamar zubar da ciki da hukuncin masu laifi, inda mai zaɓe ke da haƙƙin sanin inda wakilinsa ya tsaya. Hillary Clinton ta yi amfani da wannan a kansa a zaɓen fidda gwanin ɗan takarar shugaban ƙasa na 2008.

Akwai kuma batun buri. Tun takararsa ta farko a 1996, magoya bayansa sun ƙalubalanci sa hannun masu zaɓe da sauran 'yan takara suka gabatar, ciki har da mai riƙe da kujerar, Alice Palmer, har aka rasa mai karawa da shi a zaɓen fidda gwani. Doka ta yarda da haka, kuma al'ada ce a siyasar Chicago, amma jama'a sun rasa zaɓi. Bai cika shekara uku a kujerar ba ya fara neman majalisar wakilai ta tarayya, inda Bobby Rush ya kayar da shi a Maris na 2000 da kimanin kashi 61 cikin 100, shi kuma yana da 30. Cikin abubuwan da suka cutar da shi har da rashin halartar wata muhimmiyar ƙuri'a kan dokar bindigogi a Disamban 1999, lokacin yana Hawaii, inda ya ce rashin lafiyar 'yarsa ce ta riƙe shi. Da aka sake shata iyakokin mazaɓu bayan ƙidayar 2000, mazaɓarsa ta miƙe zuwa arewa ta bakin tafkin da Chicago ke gefensa, ta haɗa da unguwannin masu kuɗi. Hakan ya ba shi masu ba da gudummawa, ya kuma rage nauyin muryar talakawan da suka fara zaɓensa.

Daga nan ne maganar Tony Rezko ke shigowa, ɗan kasuwar gidaje da ya tara masa kuɗin zaɓe tun farkon tafiya, wanda kotu ta same shi da laifin zamba a 2008. Ba a tuhumi Obama da komai ba a shari'ar, kuma ya sadaukar da gudummawar da ke da alaƙa da Rezko ga ƙungiyoyin agaji. Amma wasu daga cikin gidajen marasa ƙarfi da kamfanin Rezko ya kula da su, waɗanda suka lalace, suna cikin mazaɓar Obama ne, kuma ba laifi ba ne a tambayi yadda wakili mai kishin talaka ya yi kusa da irin wannan mutum.

Mai karatu da zai yanke hukunci ya kamata ya raba tambayoyi biyu: ko dokokin sun amfani mutanen Illinois, da kuma ko mutanen mazaɓa ta 13 sun samu wakilcin da ya kamace su. Hujjojin da ke goyon bayan ta farko sun fi yawa, musamman a kan dokar naɗar tambayoyi. Ta biyu kuwa har yanzu mutanen kudancin Chicago ba su zama baki ɗaya a kanta ba.