Siririyar waya, babbar hasara

A Turai da Amurka akwai masu mayar da manyan motoci gida, su kwana su yi girki a ciki, wutarsu duka daga batura. Cikin abubuwan da ƙwararren mai haɗa musu wuta ke aunawa akwai kaurin wayar da ke tsakanin batir da inbata. Mu kuwa da sola ta shiga gidajenmu, a nan muke sakaci: mu zuba kuɗi a batir, mu yi rowa a waya.

Lissafin ba shi da wuya. Kayan da ke cin wat 1,200, a wutar gida mai bolt 230, amfiya 5 da 'yan kai suke ja. A batir mai bolt 12 kuwa, amfiya 100 ne. Wayar 2.5 da ta ishi soket ɗin ɗaki, a nan zafi za ta yi, robarta ta narke, gobara ta tashi. Irin wannan nauyi yana son waya mai lamba 35, ta jan ƙarfe zalla, kuma gajeriya, domin gwargwadon tsawonta, gwargwadon ƙarfin wutar da ke zubewa a hanya.

A yi hattara da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe. In an kankare bakinta, fari zai bayyana. A kuma sa fiyus dab da batir, daidai da abin da wayar za ta iya ɗauka.

Araha ba ta ado. Kafin ka sallami mai aikin, tambaye shi: waya mai lamba nawa ka sa, kuma don me?