A Mai Da Murhu Tsakar Gida

Daga watan Maris zuwa Mayu, a garuruwa irin su Sakkwato da Nguru da Maiduguri, ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 da tsakar rana. Saboda haka muke so mu jawo hankalin magidanta ga wani abu da suke ɗauka ƙarami ne, watau wurin da matansu ke hura wuta da bazara.

Kakanninmu ba su yi karatun gini a makaranta ba, amma sun san abin da suke yi. Sukan gina ɗaki da tubali mai kauri, su rufe da azara da ƙasa, sa'an nan su kai murhu can gefen tsakar gida, inda iska za ta kwashe zafi da hayaƙi. Yau kuwa da mutum ya sami abin hannu, sai ya gina gidan bulo, ya rufe da kwano, ya manna madafa jikin ɗakin kwana, wai shi ya waye. To, bango yana shan zafi da rana, ba ya sakinsa sai da dare. In aka tuƙa tuwo da la'asar, sa'ad da kwano ya riga ya gasa ɗakin, zafin wuta ya haɗu da na rana, sai a kira assalatu jinjiri bai runtsa ba. Uwar kuwa ba a ma maganarta, ita ce ta tsaya a kan wutar.

Ga kuma hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gidaje, wadda yawancinta daga girki take, ta jawo mutuwar mutum wajen miliyan 3.2. Gawayi ma da ba ya nuna hayaƙi, in aka rufe ƙofa da shi yana iya kashe mai barci.

A ganinmu maganin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Maigida ya kafa rumfa a inuwa, nesa da zana da danga saboda gobara, a fitar da murhu ko risho can. Mai tukunyar gas kada ya bar ta cikin rana. Girki mai cin wuta a yi shi da sassafe. Wake a jiƙa shi tun da dare, kowace mace ta san ya fi saurin nuna.

Akwai wata dabara da muke so malaman makarantun 'yan mata su gwada a gaban ɗalibansu. Idan shinkafa ko wake ya tafasa sosai, a sauke tukunyar a rufe, a sa ta cikin kwando da aka cika da ƙaiƙayi ko tsummoki masu tsabta, a lulluɓe ta sama da ƙasa. Zafin da ke cikinta shi zai ƙarasa dahuwar, an kashe wuta tuni, itace ya ragu. Sai dai kada a bar ta har ta huce ta kwana, don abinci ba ya jimiri da bazara.

Da rana kuma ba dole ne a ɗora tukunya ba. Fura da nono, ko kwaɗon zogale da aka dafa ganyensa tun da safe, da ruwan randa mai sanyi, sun ishi iyali har faɗuwar rana, in dai maigida ya yarda ya haƙura da abinci mai zafi.